HANTA DA MATSARMAMA: YADDA JIKIN BISA KE AUNA MAIƘONSA, DA ABUBUWAN DA KE ƁATA AWON

Jawabi zuwa ga makiyaya da manoma masu kiwo na gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji



Sarakunan makiyaya, dattawa, iyayenmu mata masu kiwon awaki da tumaki, samari masu bin garke, da mahauta da suka amsa kira, barkanku da zuwa. Na san wasunku sun baro bakin rijiya tun da asuba, daga Caduwa, daga Gangara, daga Tibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. Allah ya saka da alheri, ya maida kowa gida lafiya.

Maganarmu ta yau a kan wani abu take wanda kowa a nan ya sha gani, amma ba a cika kula da shi ba. In an yanka rago aka fiddo hanta, akwai wata ƴar jaka koriya liƙe da ita. Mahauci na sa wuƙa a hankali ya cire ta, don in ta fashe ta ɓata nama da ɗaci. Ita ce matsarmama, wasu su ce maɗaciya. Yarwa ake yi, ko kare bai damu da ita ba. To, ruwan da ke cikin jakar nan na cikin abubuwan da ke sa bisa ta yi ƙiba, ta ba da nono, ta riƙe ciki. In hanyarsa ta toshe, ko hantar da ke yin shi ta lalace, sai ka ga saniya na ci amma tana ramewa, mai ita na ta kashe kuɗi wajen maganin da ba shi ne na ciwon ba. Don a rage irin hasarar nan muka taru yau.

MI RUWAN MATSARMAMA KE YI?

Iyayenmu mata, ku zan tambaya. In ƙwarya ta yi maiƙon man shanu, ruwa kaɗai na wanke ta? Ba ya wankewa. Sai an sa sabulu ko toka, sannan maiƙon ya narke ya bi ruwa. Haka abin yake a cikin hanji. Abinci a cikin ruwa yake tafiya, maiƙo kuwa ba ya haɗuwa da ruwa. Ruwan matsarmama shi ne sabulun hanji. Yana farfasa maiƙo ya zama ƙanana ƙwarai, har hanji ya iya tsotse shi ya kai wa jini.

Akwai kuma bitamin huɗu da ba su shiga jiki sai sun bi maiƙo: A, D, E da K. Bitamin A daga ɗanyar ciyawa bisa ke samun tushensa, hanta ta ajiye shi don rani. Rashinsa ke kawo dundumi, da ɓari, da haihuwar ɗiya marasa ƙarfi. Bitamin K ke taimaka wa jini ya daskare in an ji rauni. Kun ga ke nan, in sabulun nan ya yi ƙaranci, ba kitse kaɗai ake rasawa ba.

Hanta ce ke yin ruwan. Matsarmama wurin ajiya ce kawai, kamar salka. Shaidar haka a wurinku take: raƙumi ba ya da matsarmama, doki da jaki ma haka. Ku tambayi mahauci ko ya taɓa ganinta a hantar raƙumi. Su nasu ruwan kai tsaye yake gangarawa daga hanta zuwa hanji. Saniya, tunkiya da akuya kuwa suna da ita, kamar ɗan Adam.

Abin da ke yin aikin sabulu a cikin ruwan wani sinadari ne da masana ke kira asid ɗin matsarmama. Mu a nan bari mu ce masa gishirin ɗaci. Kuma a jikin shanu aka fara saninsa sosai. A shekarar 1827 wasu masana biyu na ƙasar Jamus, Tiedemann da Gmelin, suka fiddo wani sinadari daga matsarmamar sa. Daga baya aka raɗa masa suna taurin, daga kalmar da ke nufin bijimi. Shekara ɗari bayan haka, wani Bajamushe mai suna Heinrich Wieland ya samu kyautar Nobel ta 1927 saboda bincikensa a kan gishirin nan. Abin da muke yarwa bayan ɗaki, wasu sun ƙare rayuwarsu suna nazarinsa.

DAGA INA GISHIRIN ƊACI KE FITOWA?

Daga kolesterol. Na san kun sha jin sunan nan a rediyo ko a asibiti, kuma kullum da mugun labari ake ambatonsa, ana cewa shi ke toshe jijiyar mutum. Akwai gaskiya a ciki, za mu zo wurin. Amma ku sani, babu bisar da ke rayuwa ba tare da shi ba.

Kolesterol wani irin maiƙo ne mai kamar kakin zuma. Jikin bisa an gina shi da ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Kowace ƙwaya na da bango, kuma da kolesterol ake ƙarfafa bangon. Da shi jiki ke yin sinadarin da ke sa saniya ta nemi sa, da wanda ke riƙe ciki har haihuwa, da wanda ke ba bijimi ƙarfin barbara. Da shi fata ke yin bitamin D in rana ta taɓa ta. Da shi kuma hanta ke yin gishirin ɗaci.

Ciyawa da harawa da dusa kusan babu kolesterol a cikinsu. Saboda haka saniya da kanta take ƙera nata, a hanji da hanta da sauran sassan jiki, daga abin da tumbi ya narkar. In abinci ya yi ƙaranci, wanda ke yawo a jininta ma raguwa yake yi.

Wahalar kolesterol ɗaya ce: jiki ba ya iya ƙone shi kamar yadda yake ƙone sauran kitse in ana tafiya ko aiki. In ya yi yawa, babbar ƙofar fitarsa ita ce hanta: ko ta juya shi ya zama gishirin ɗaci, ko ta zuba shi yadda yake a cikin ruwan matsarmama, ya bi hanji ya fita da kashi.

FITA DA DAWOWA

A nan ne hikimar take. Gishirin ɗaci na da tsadar yi, don haka jiki ba ya barin shi ya tafi a banza. Bayan ya gama aikinsa, in ya kai ƙarshen ƙaramin hanji, sai hanjin ya tsotse shi, jini ya maida shi hanta, hanta ta sake tura shi. Cikin kashi 100 da suka fita, kimanin 95 na dawowa, 5 ne kawai ke bin kashi. A jikin mutum an auna, gishirin duka bai wuce giram 2 zuwa 4 ba, wato bai cika ƙaramin cokali ba, amma yana zagayawa sau da yawa a yini ɗaya.

Ku ɗauka garke ne da ke fita kiwo ya dawo. Ɗari sun fita, casa'in da biyar sun dawo. Dole a cike gurbin biyar ɗin, kuma da kolesterol ake cikewa. In an cike ƙasa da haka, sabulu ya kasa. In an yi fiye da haka, gishirin ya taru, shi kuwa in ya taru yana cin hantar kanta, kamar yadda kanwa mai yawa ke cin baki. To, wa ke tsaye bakin garke yana ƙirga?

MASU GADI BIYU

An daɗe da sanin cewa akwai mai ƙirga, amma ba a san ko wane ne ba sai a ƙarshen ƙarnin da ya wuce.

A tsakiyar kowace ƙwayar halitta akwai wani ɗan ɗaki da ake ce wa cibiya. A ciki ake ajiye kundin gado, wanda bisa ta gada daga uwa da uba. A kundin nan aka rubuta yadda ake yin kowane aiki na jiki. Amma ba duk shafuka ake buɗewa a lokaci ɗaya ba. Akwai wasu masu gadi a cikin cibiyar, su ke buɗe shafi ko su rufe. Kowane mai gadi na da abu ɗaya da yake jin ƙamshinsa. In abin ya yi yawa ya zo ya taɓa shi, sai ya ba da umurni. Ɗan Adam na da irinsu 48. Biyu daga ciki ne suka shafe mu yau, kuma masana da haruffa suke kiransu.

Na farko sunansa FXR. Shi ne mai ƙirgar gishirin ɗaci. An gano shi a 1995, a 1999 kuma ƙungiyoyin masu bincike uku, kowace da nata aikin, suka nuna cewa gishirin ɗaci ne ke tada shi. Yana zaune a hanta da kuma ƙarshen ƙaramin hanji, wato a bakin ƙofofi biyu. In gishiri ya dawo da yawa, FXR na hanta ya sa a dakatar da babban ma'aikacin da ke fara juya kolesterol zuwa gishiri, wanda ake kira CYP7A1. Ya kuma sa a ƙara ƙarfin famfon da ke tura gishiri waje daga ƙwayoyin hanta zuwa hanyoyin matsarmama. Shi kuma FXR na hanji manzo yake aikawa ta cikin jini zuwa hanta, yana cewa a sassauta, kaya sun iso. A 2005 aka bayyana aikin manzon nan. In kuwa gishirin da ya dawo kaɗan ne, sai FXR ya yi shiru, ma'aikacin ya koma bakin aiki, a ɗebi kolesterol a yi sabo.

Na biyu sunansa LXR. Shi rumbun kolesterol yake gadi. In kolesterol ya yi yawa a cikin ƙwaya, wani ɓurɓushinsa na yawaita, shi ne LXR ke ji. An nuna haka a 1996 a ɗakin binciken David Mangelsdorf, a birnin Dalas na ƙasar Amurka. In LXR ya ji, sai ya buɗe ƙofofi: ƙwayoyin jiki su fidda rarar da suke da ita jini ya kai hanta, hanta ta zuba a ruwan matsarmama, hanji kuma ya rage tsotsa. A 1998 masu binciken nan suka samar da ɓeraye marasa LXR na hanta, suka ba su abinci mai yawan kolesterol. Hantarsu ta cika da shi ta lalace, alhali ƴan uwansu masu mai gadi sun ci abinci iri ɗaya ba abin da ya same su.

Yawancin aikin nan a jikin ɓera da mutum aka yi shi, kuma akwai ɗan bambanci tsakanin halittu: a ɓera LXR na iya sa a ƙara yin gishirin ɗaci kai tsaye, a mutum ba ya yi. Amma masu gadin biyu suna nan a hantar shanu da sauran bisashe masu shayarwa.

Mi wannan ya koya mana? Cewa awon kolesterol da gishirin ɗaci ba ya hannunka, ba ya hannun likita. Allah ya riga ya sa ma'auni a cikin bisa, dare da rana yana aiki. Babu allurar kasuwa da za ta "wanke hanta" ta fi shi iyawa. Amma mai gadi umurni kawai yake bayarwa. Ba ya iya cire tsutsa daga hanya, ba ya iya kawo abinci, ba ya iya hana guba shiga. Waɗannan uku aikinka ne, kai mai bisa.

NA ƊAYA: TSUTSAR HANTA

Mahauta sun san ta. Faffaɗa ce kamar ganye, tsawonta na kai ɗan yatsa. A cikin hanyoyin ruwan matsarmama take zaune, tana shan jini, tana kankare bango. Hanyoyin su yi kauri su yi fari, a tsohuwar saniya har ka ji wuƙa na ƙara in ana yanka, kamar akwai tsakuwa. Ruwa ya kasa wucewa sosai, gishiri ya taru a baya. FXR zai rage yin sabo don ya kare hanta, amma toshewar na nan.

Ga yadda take yaɗuwa. Ƙwanta na bin ruwan matsarmama ya fita da kashi. In kashin ya faɗa ruwa, bayan mako biyu zuwa uku ƙwai ya ƙyanƙyashe. Abin da ya fito ya shiga jikin wata ƴar katantanwar ruwa, ya hayayyafa a ciki wata ɗaya zuwa biyu, sannan ya fito ya manne a ciyawar bakin ruwa. Bisa ta ci ciyawar. Ƴan tsutsotsin su huda hanji su shiga hanta, su yi ta ratsa namanta, sai bayan wata uku zuwa huɗu su girma su fara nasu ƙwan.

Ku lura da katantanwar nan, ruwa mai daɗewa take so. Bisar da ke kiwo a jigawa tana shan ruwan rijiya, haɗarinta kaɗan ne. Haɗarin na wurin tabkin da ba ya ƙafewa da wuri, da fadamun Gulbin Maraɗi, da bakin tabkin Madarunfa, da kuma garken da ke tafiya kudu da rani ya sauka bakin madatsun ruwa irin na Jibiya ko fadamun Rima. Kuma ciwon ba ya nuna kansa a wurin da aka ɗauke shi. Sai an dawo gida da watanni, an manta da tabkin, sannan saniya ta fara lalacewa.

Alamu: rama ko da ana ci, nono ya ragu, gashi ya tashi, cikin fatar ido da dasashi su yi fari, kumburi mai taushi a ƙarƙashin haɓa. Tumaki in sun kwashi ƴan tsutsotsi da yawa a lokaci ɗaya suna iya mutuwa farat ɗaya.

A kan magani, ku saurara da kyau, don a nan kuɗi ke zubewa. Allurar ibamektin da mutane suka saba da ita tana kashe tsutsar hanji da ƙwarin fata, amma ita kaɗai ba ta kashe tsutsar hanta. Albendazol na kashe manya kawai, kuma sai an ba da awo mai yawa fiye da na tsutsar hanji. Shi kuma ba a ba tunkiya ko akuya a watan farko na ciki, saniya kuma a kwana 45 na farko, don yana iya ɓata ɗan. Akwai nitrokzinil, da kulosantel, da okzikulozanid. Tirikilabendazol shi ke kashe har da ƙanana. Likitan dabbobi ne zai zaɓa, ya kimanta nauyin bisa, ya kuma gaya muku kwana nawa za a jira kafin a sha nono ko a ci nama, don wasu magungunan ba a ba saniyar da ake tatsa. Ga garken da ke zuwa irin wuraren da na ambata, a yi shiri da likita a ba da magani bayan an baro bakin ruwan, a kuma maimaita lokacin da ya tsara. Ƙwayar da ta sha rana a kan tabarma ranar kasuwa, ba takarda ba kwanan wata, ku bar ta. Araha ba ta ado.

Akwai kuma wata ƙaramar tsutsa, ba ta kai tsawon farce ba, ita ma a hanyoyin matsarmama take zama. Ita ta katantanwar tudu da tururuwa take bi, don haka ko bisar jigawa na iya samunta. Awon kashi a ɗakin bincike ke bambanta su.

NA BIYU: YUNWAR MAI CIKI

Jar akuyar Maraɗi abin alfaharinmu ce, kuma an san ta da tagwaye. Amma tagwaye kaya ne. Cikin akuya da tunkiya wata biyar ne, kuma kusan kashi biyu cikin uku na girman ɗan a mako shida na ƙarshe yake faruwa. A daidai lokacin ɗiyan sun danne tumbi, uwar ba ta iya cin mai yawa. In abin ya faɗo a rani ko bazara, ga ciyawa ta zama kara, sai jiki ya shiga narkar da kitsen da ya ajiye, ya tura wa hanta gaba ɗaya.

Hantar bisa mai tuƙa ba ta da saurin fidda kitse. Don ta fidda shi sai ta ɗaure shi a ƴan ƙunshi tare da furotin da kolesterol, ta sa a jini. Mai yunwa kuwa ba ta da isassun kayan ɗaurin. Kitse ya yi ta shigowa ba ya fita, hanta ta kumbura ta yi fari-fari ko rawaya, ta yi laushi har yatsa na huda ta. Irin wannan hanta ba ta iya karɓar gishirin ɗacin da ya dawo yadda ya kamata, sai ya yawaita a jini.

Alamu: akuya ta ware daga ƴan uwa, ta ƙi ci, tana cizon haƙora, tana tafiya kamar makauniya, daga baya ta kwanta ta kasa tashi. In ta kai ga kwanciya, da wuya a cece ta, uwa da ɗiya ake rasawa. Kuma ku ji abin mamaki: wadda ta yi ƙiba sosai sannan abinci ya yanke mata farat ɗaya ta fi shiga haɗari. Saniya mai yawan nono ma na samun irin haka a makonnin farko bayan haihuwa.

Rigakafin a gonakinku yake. Ku ware masu tsohon ciki, ku ba su dusa da harawar wake ko ta gujiya safe da maraice, kaɗan-kaɗan ana ƙarawa. Mutanen Agiye, ku da kuka raya itatuwa a gonaki ta hanyar sassabin zamani, kamar yadda aka san Ɗan Saga da shi, ƴaƴan gawo na zuba da rani, daidai lokacin da ake bukatarsu. Ku tara, ku ajiye wa masu ciki. Tiyar dusa a lokacinta ta fi allura goma bayan akuya ta kwanta.

Masu turkar rago don Layya, ku ma da ku. Kada a canza abinci farat ɗaya, kada kuma a cika abu mai maiƙo kamar angurya da tunkuza. Maiƙo in ya yi yawa yana raunana ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa a tumbi, rago ya rage ci.

NA UKU: ABINCI MAI FUMFUNA

Gujiya, masara, dusa ko tunkuza in sun sha laima suka yi fumfuna, suna iya ɗaukar wata guba mai suna afalatoksin. A 1960 talotalo kimanin 100.000 suka mutu a Ingila bayan sun ci garin tunkuzar gujiya da aka kawo daga Birazil, daga nan aka gano ta. Hanta take nufa kai tsaye, ta kashe ƙwayoyinta, ta ɓata ƙananan hanyoyin matsarmama. Dafuwa ba ta kashe ta. Ƙananan bisashe da kaji sun fi jin jiki. Kuma saniya ko akuyar da ta ci, wani ɓangare na gubar na fita a nono, yaranmu su sha. Don haka al'adar nan ta cewa "wannan ya ɓaci, a ba bisashe", a daina ta. A shanya kaya su bushe sarai, a ɗora buhu a kan itace, kada ya taɓa ƙasa ko bango.

ABIN DA IDO KE GANI DAGA WAJE

Alamu biyu na nuna ruwan matsarmama ba ya fita daidai. Ta farko shawara: farin ido da dasashi su yi rawaya. Launin daga tsohon jini yake, wanda hanta ya kamata ta zubar ta matsarmama. Amma a yi hattara, cututtukan da kaska ke kawowa ma na sa shawara, don suna fasa jini, kuma maganinsu daban ne. Kada a yi ta canki-canki, a kira likita.

Ta biyu ƙunar fata. Koren ciyawa in ya narke a tumbi yana barin wani sinadari da matsarmama ke fiddawa. In hanya ta toshe sai ya taru a jini, rana ta taɓa shi a wurin da fata take fara, wurin ya kumbura ya saɓule. Balami da farin ɓangaren uda sun fi nuna shi, a kunne da fuska da baya. A Afirka ta Kudu an tabbatar tsidau, in ya tsiro bayan ruwa sannan ya yi yaushi, yana toshe hanyoyin matsarmamar tumaki ya kawo haka. Tsidau kuwa muna da shi ko'ina. In kun ga alamar, a kai bisa inuwa, a canza wurin kiwo, a sanar da ma'aikacin kiwo.

TO MU MUTANE FA?

Wani dattijo ya tambaye ni kafin mu fara, ko man shanu da kitse za a bari. Baba, masu gadin nan biyu suna jikinmu mu ma. Amma jijiyar mutum na tara kolesterol in ya daɗe da yawa a jini, daga nan ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ke samun hanya. Wanda ke bin garke yini guda da wanda ke zaune a shago ba ɗaya suke ba. A ci daidai, a motsa jiki. Wake da kuɓewa da hatsin da ba a surfe shi ƙwarai ba suna riƙe wani ɓangare na gishirin ɗaci a hanji ya fita da bayan gida, sai hanta ta ɗebi kolesterol ta cike gurbi, na jini ya ɗan sauka. Wanda ya manyanta, ko yake da hawan jini ko ciwon sukari, ya je asibiti a auna shi.

ABIN DA ZA KU KOMA DA SHI GIDA

1. Duk lokacin da aka yanka bisa daga garkenku, ko ta mutu, ku duba hanta. A tsaga manyan hanyoyin, a matsa. In an ga tsutsa a ɗaya, sauran da suka yi kiwo tare na iya kasancewa da ita.

2. Hantar da ta lalace ba a sayarwa, ba a jefawa kusa da ruwa. A binne ta. Mahauta, ku ba ma'aikacin duba nama haɗin kai, ku kuma gaya wa mai bisa abin da kuka gani.

3. Inda akwai rijiya ko famfo, a shayar a nan maimakon a tura garke cikin tabki. Ciyawar da aka yanko daga bakin ruwa a shanya ta ta bushe sosai kafin a ba bisa. Mu ma kada mu ci ɗanyen ganyen bakin tabki, don ta nan tsutsar ke kama mutum.

4. A riƙa tuna inda garke ya yi rani da watan da ya baro wurin, a gaya wa likita.

5. A ware abincin masu ciki tun da kaka, kafin tsada ta zo.

6. Abinci mai fumfuna, ba na mutum ba ne, ba na bisa ba ne.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, wanda kuma ya tuna daga baya ya samu ma'aikacin kiwo na gundumarsa, ƙofa a buɗe take. Abin da kuka ji ku kai wa waɗanda suka tsaya tsaron garke ba su samu zuwa ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare dukiyarmu, ya ba mu zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi.